BABI NA UKU: HANYAR INKA DA 'YAN DAKONTA, DAGA ZAMANIN PACHAKUTI ZUWA ZAMANIN MASU YAWON BUƊE IDO

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin tarihin hanyar nan da ake kira Hanyar Inka, wadda ta ratsa duwatsun Andis na ƙasar Peru ta ɓulle a kufan birnin Machu Picchu. A yau wannan hanya tana cikin wuraren da masu hannu da shuni daga Turai da Amurka da Asiya suke biyan kuɗi masu yawa domin su taka ta da ƙafafunsu, tare da ɗan jagora da kuku da 'yan dako. Za a duba yadda aka shimfiɗa hanyar tun farko, da yadda aka yi watsi da ita bayan zuwan Turawan Sifaniya, da yadda aka sake share ta a ƙarni na 20, har ta zama haja a kasuwar yawon buɗe ido. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, cikin shekaru fiye da 500 masu iko da hanyar sun sauya, masu amfana da ita ma sun sauya, amma waɗanda suke ɗaukar kaya a kanta, wato talakawan ƙauyukan kan dutse, su ne dai har yanzu.

3.1 Daular Inka da Hanyoyinta

Mutanen Inka suna kiran daularsu Tawantinsuyu, ma'ana ƙasa mai sassa huɗu, kuma babban birninta shi ne Kusko, wanda yake bisa tudu mai tsawon kimanin mita 3,400 daga saman teku. Kafin ƙarni na 15 Inka ƙaramar masarauta ce a kwarin Kusko. Bisa ga lissafin da aka fi amfani da shi, Sarki Pachakuti ya hau gadon mulki a shekarar 1438, kuma daga zamaninsa ne aka fara yaƙe-yaƙen faɗaɗa ƙasa. Ɗansa Tupak Yupanki da jikansa Wayna Kapak suka ɗora daga inda ya tsaya. Cikin ƙasa da shekaru 100 daular ta mamaye yankunan da a yau suke cikin Peru da Ekwado da Bolibiya, da arewacin Chile, da arewa maso yammacin Ajantina, da kudancin Kolambiya. Harshen mulki shi ne Kechuwa, wanda har yanzu miliyoyin mutane suke magana da shi.

Daula mai wannan faɗi ba ta riƙuwa sai da hanya. Saboda haka aka shimfiɗa hanyoyin da ake kira Kapak Nyan, wato hanyar sarki, waɗanda jimillar tsawonsu ta kai kimanin kilomita 30,000. Wasu sassan an gaje su ne daga al'ummomin da suka gabaci Inka, aka gyara aka haɗa su. A inda hanya ta haɗu da dutse sai a sassaƙa matakala, inda ta haɗu da kogi mai zurfin kwari sai a ɗaura gada ta igiyar ciyawa. Ɗaya daga cikin irin waɗannan gadoji, wato Keswachaka da ke kan kogin Apurimak, har yanzu mutanen ƙauyukan da ke kewaye da ita suna sabunta ta kowace shekara a watan Yuni. A gefen hanya kuma akwai zanguna da ake kira tambo, inda ake ajiye abinci da tufafi domin sojoji da ma'aikatan sarki. Akwai kuma manzanni masu gudu da ake kira chaski, waɗanda suke miƙa wa juna saƙo daga wannan masauki zuwa wancan. Saƙon yakan kasance na baka, ko kuma na igiyoyi masu ƙulli da ake kira kipu, waɗanda da su ake adana lissafi.

Abu biyu ne ya kamata a lura da su a nan. Na farko, mutanen Inka ba su da doki, ba su kuma amfani da amalanke. Dabbar dakonsu ita ce lama, wadda take dangin raƙumi amma ƙarama ce kuma ba ta da tozo. Ba a hawanta, kayan da take ɗauka kuma ba su cika wuce kilo 30 ba. Ke nan babban ɓangare na kayan daular a bayan mutane yake tafiya. Na biyu, Inka ba su karɓar haraji da kuɗi. Harajinsu shi ne aiki, wanda ake kira mita. Kowace al'umma tana ba da magidanta bi da bi domin noman gonakin sarki, ko yaƙi, ko gini, ko dako, ita kuma hukuma tana ciyar da su muddin suna bakin aiki. Da wannan tsari aka gina hanyoyin. Shi kuwa talaka ba ya bin hanyar sarki don raɗin kansa sai da izinin hukuma.

3.2 Gina Machu Picchu

Machu Picchu, wanda ma'anar sunansa ita ce tsohon tsauni, yana da nisan kimanin kilomita 80 arewa maso yammacin Kusko. An gina shi a kan doron dutse mai tsawon mita 2,430, kogin Urubamba kuma ya kusan kewaye shi daga ƙasa. Yana da gine-gine kusan 200 waɗanda suka haɗa da ɗakunan ibada da gidajen sarauta da rumbuna, ga kuma gonaki masu hawa-hawa da aka tokare da duwatsu, da magudanan ruwa. A manyan gine-ginen an sassaƙa duwatsun an jera su ba tare da laka ba, suka zauna daram a kan juna.

Yawancin masana sun tafi a kan cewa wurin gandu ne kuma masaukin shaƙatawa na Sarki Pachakuti da zuriyarsa. Wannan ra'ayi ya ƙara ƙarfi ne a shekarun 1980, lokacin da masanin tarihi John Rowe ya jawo hankali ga wata takardar Sifaniyawa ta shekarar 1568 da ta ambaci wani wuri mai suna Picchu a cikin filayen Pachakuti. An daɗe ana cewa an gina shi wajajen 1450, amma gwajin kimiyya da Richard Burger da abokan aikinsa suka wallafa a 2021 ya nuna cewa an zauna a wurin tun daga wajajen 1420 zuwa 1530. Haka kuma binciken ƙasusuwan da aka tono ya nuna cewa mazauna wurin na dindindin barori ne da aka kwaso daga sassa daban-daban na daular, maza da mata.

Hanyar da masu yawon buɗe ido suke bi a yau reshe ce ƙarama daga cikin Kapak Nyan. Irin gine-ginen da aka jera a gefenta, masu wuraren wanka na tsafi da dandamalin kallon tsaunuka, ya sa masana da dama suke ganin hanya ce ta ziyarar ibada da ta manyan mutane. Idan aka yi la'akari da wannan, za a ga cewa tun asali hanyar ta jin daɗin sarauta ce. Sarkin Inka a kan makara ta alfarma yake tafiya, mutane na ɗauke da shi a kafaɗa.

3.3 Zuwan Sifaniyawa da Mutuwar Hanya

A ƙarshen shekarun 1520 Sarki Wayna Kapak ya mutu a wata annoba, sai yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin 'ya'yansa biyu, Waskar da Atawalpa. Atawalpa bai daɗe da yin nasara ba sai ga Francisco Pizarro da mutane 168. Ranar 16 ga Nuwamba 1532 suka kama shi a garin Kahamarka, suka karɓi fansar zinariya da azurfa mai ɗimbin yawa, duk da haka suka kashe shi a watan Yuli na 1533. A watan Nuwamba na wannan shekara suka shiga Kusko. Hanyoyin da aka gina domin riƙe daular su ne suka sauƙaƙa wa maharan kaiwa ga zuciyarta.

A shekarar 1536 Manko Inka ya yi tawaye. Da ya kasa ƙwato Kusko sai ya janye zuwa dajin Bilkabamba, inda shi da 'ya'yansa suka riƙe ƙaramar masarauta har zuwa 1572, lokacin da Sifaniyawa suka ci ta, suka kashe sarki na ƙarshe, Tupak Amaru, a dandalin Kusko. A cikin wannan hargitsi ne aka watse daga Machu Picchu. Babu alamar cewa Sifaniyawa sun rushe wuraren ibadarsa kamar yadda suka yi a wasu garuruwa. Daji ne ya rufe shi, ya kuma rufe hanyar da take kaiwa gare shi. Su Turawan sun zo da dawakai da alfadarai, waɗanda matakalar dutse ba ta dace da su ba, don haka suka fi son hanyoyin kwari.

Hanyar ta mutu, amma harajin aiki bai mutu ba. A shekarun 1570 wakilin sarkin Sifaniya, Francisco de Toledo, ya sake tsara mita domin ma'adinan azurfa na Potosi, a cikin ƙasar Bolibiya ta yau. Kowace shekara ana ɗibar kashi ɗaya cikin bakwai na mazan lardunan da aka ware a tura su ramukan haƙar azurfa, inda da yawa suka halaka. An soke mita a hukumance a 1812, Peru kuma ta ayyana 'yancin kanta a 1821, sai dai wannan bai sauya halin talakan kan dutse ba. Manyan gandaye da ake kira hasiyenda suka cinye filayen ƙauyuka, mazauna cikinsu suka zama masu yi wa mai gandu noma da dako da aikin gida kusan a kyauta, a madadin ɗan filin da suke nomawa. Wannan tsari ya ci gaba har zuwa 1969, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Juan Velasco Alvarado ta yi dokar raba filaye.

3.4 Hiram Bingham da Batun "Ganowa"

Hiram Bingham malamin tarihin Amurka ta Kudu ne a Jami'ar Yale ta ƙasar Amurka. A 1911 ya zo Peru yana neman Bilkabamba, birnin ƙarshe na sarakunan Inka. A kwarin Urubamba wani manomi mai suna Melchor Arteaga ya ba shi labarin wasu kufai a saman dutse, kuma ranar 24 ga Yuli 1911 ya hau da shi, aka biya shi sol ɗaya na kuɗin Peru. A can sama Bingham ya tarar da iyalai suna zaune suna noman masara da dankali a tsofaffin gonakin Inka, kuma wani yaro daga cikinsu ne ya zaga da shi cikin kufan. A jikin wani bango ya ga an rubuta sunan Agustin Lizarraga da gawayi, tare da shekarar 1902. Wannan ya nuna cewa mutanen yankin sun san wurin tun kafin zuwansa. Abin da Bingham ya yi shi ne sanar da sauran duniya.

Ya dawo a 1912, sannan a 1914 zuwa 1915, da tallafin jami'arsa da ƙungiyar National Geographic. Mujallar wannan ƙungiya ta sadaukar da fitowarta ta watan Afrilu 1913 gaba ɗaya ga Machu Picchu, da hotuna masu yawa, kuma daga nan ne sunan wurin ya bazu. A tafiyar 1915 ayarinsa ya bi wasu sassa na tsohuwar hanyar, ya ga kufan Runkurakay da Sayakmarka da Puyupatamarka. Aikin sare daji da haƙa da ɗaukar kaya duk mutanen ƙauyukan yankin ne suka yi shi, kuma sau da yawa hukumomin yankin ne suke tattaro su ba da son ransu ba. Sunayen yawancinsu ba su shiga littattafai ba.

Bingham ya mutu a 1956 yana ganin Machu Picchu ne Bilkabamba. Binciken da Gene Savoy ya yi a 1964, da na waɗanda suka biyo bayansa, ya nuna cewa Bilkabamba na wani wuri ne can cikin daji mai suna Espiritu Pampa. Su kuwa kayayyakin tarihi da ƙasusuwan da aka kwashe zuwa Yale, an daɗe ana jayayya a kansu tsakanin jami'ar da gwamnatin Peru. Sai a watan Nuwamba 2010 aka cim ma yarjejeniya, aka mayar da su Kusko tsakanin 2011 da 2012.

3.5 Jirgin Ƙasa da Mota da Farkon Yawon Buɗe Ido

Shahara kaɗai ba ta kawo baƙi sai da hanyar zuwa. Layin dogo da aka shimfiɗa daga Kusko ya bi kwarin Urubamba ya iso gindin dutsen a ƙarshen shekarun 1920, kuma a kusa da shi garin Aguas Calientes ya tsiro. A farkon shekarun 1940 wani ayari ƙarƙashin Paul Fejos ya share kufan da ke kan tsohuwar hanyar, masanin nan ɗan Peru, Julio C. Tello, kuma shi ne ya raɗa wa ɗaya daga cikinsu suna Winyay Wayna, wato matashi har abada. A 1948 aka buɗe hanyar mota mai lanƙwashe-lanƙwashe daga bakin kogi zuwa ƙofar kufan, aka sa mata sunan Bingham, shi kansa kuma ya halarci bikin.

Tattaki a kan tsohuwar hanyar ya fara karɓuwa ne a shekarun 1970, yawanci a wurin matasan Turai da Amurka masu ƙaramin guzuri, waɗanda suke ɗaukar jakunkunansu da kansu ko su yi hayar ɗan ƙauye da dabbarsa. A 1981 gwamnatin Peru ta ayyana yankin a matsayin keɓaɓɓen wurin tarihi mai faɗin hekta 32,592, a 1983 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren gado na duniya. Amma shekarun 1980 shekarun tashin hankali ne a Peru saboda yaƙin 'yan tawayen Sendero Luminoso, ga kuma annobar kwalara ta 1991. Baƙi suka ja baya. Bayan kama shugaban 'yan tawayen, Abimael Guzman, a watan Satumba 1992, sai al'amura suka lafa, baƙi suka dawo fiye da da. Masu bin Hanyar Inka sun tashi daga kimanin 6,000 a 1984 zuwa kimanin 82,000 a shekarar 2000.

3.6 Tattakin Kwana Huɗu da Dokokin 2001

Tattakin da aka fi sani yana da tsawon kimanin kilomita 43, ana yin sa cikin yini huɗu da kwana uku a tanti. Ana farawa daga wurin da ake kira Kilomita 82 a kan layin dogo, gaba da garin Oyantaytambo. Yini na biyu shi ne mafi wuya, domin a ranar ake haye mashigar Warmiwanyuska mai tsawon mita 4,215, inda iska take da ƙarancin sinadarin numfashi, baƙo ya yi ta haki da ciwon kai. Mutanen ƙasar suna kiran wannan ciwo soroche, suna kuma rage shi da tauna ganyen koka ko shan shayinsa. A yini na uku ake ratsa kufan Runkurakay da Sayakmarka da Puyupatamarka a sauka a Winyay Wayna. Da asubahin yini na huɗu ake isa Inti Punku, wato Ƙofar Rana, inda ake fara hango Machu Picchu daga sama.

Yawan mutanen da aka ambata a sama ya jawo ɓarna. Shara ta taru a masaukai, ana bahaya a ko'ina, ana sare itatuwa domin girki, kofatan dabbobi kuma suna farfasa daɓen dutse. A cikin kufan ma an yi ta'adi, domin a watan Satumba na 2000 wata na'urar ɗaga kaya ta faɗi ta ɓantare gefen dutsen ibada na Intiwatana a lokacin ɗaukar wani tallan giya. Wannan ya sa daga 2001 hukumomi suka fara aiki da sababbin dokoki. An hana kowa bin hanyar sai tare da ɗan jagora ko kamfani mai lasin. An ƙayyade masu shiga zuwa mutum 500 a rana, wanda a cikinsu kimanin 200 ne baƙi, sauran kuwa 'yan jagora ne da kukuna da 'yan dako. An hana hura wuta da itace, ana kuma rufe hanyar duk watan Fabrairu, lokacin tsananin damina, domin gyara. Bugu da ƙari, an hana dabbobin dako bin mafi yawan hanyar.

Wannan hani na ƙarshe yana da muhimmanci ga bayanin wannan babi. An yi shi ne domin kare duwatsun tarihi, kuma ya kare su. Sai dai kayan da alfadari yake ɗauka a da, yanzu sun koma bayan mutum: tanti da tebur da kujeru da tukunyar gas da abincin kwana huɗu, har da sharar da dole a fito da ita. Dokar kare kayan tarihi ta mayar da hanyar ga halin da take ciki a zamanin Pachakuti.

3.7 Yawon Ƙasaita

Ƙayyade yawan masu shiga ya sa takardar izini ta yi wuya, har akan saye ta watanni kafin tafiya, abin da ya yi wuya kuwa yakan yi tsada. Wannan ya zo daidai da manufar gwamnatin Alberto Fujimori ta sayar da kadarorin gwamnati. A 1999 aka miƙa harkar jirgin ƙasa ga 'yan kasuwa, kamfanin Orient-Express, wanda ya koma Belmond a 2014, ya sami hannu a cikin PeruRail, shi ne kuma ya karɓi gudanar da otal ɗin da ke bakin ƙofar kufan. A 2003 aka ƙaddamar da jirgin alfarma mai suna Hiram Bingham, mai ɗakin cin abinci da makaɗa. Zaɓen Machu Picchu cikin sababbin abubuwan al'ajabi bakwai na duniya a watan Yuli 2007 ya ƙara wa kasuwar armashi, kuma a 2019 masu ziyara sun kai kimanin miliyan ɗaya da rabi.

A kan hanyar ƙafa ma an sami matakai. Tattaki na gama-gari ɗaruruwan daloli ne, na ƙasaita kuwa dubbai. Wanda ya biya na ƙasaita yakan sami babban tanti mai gado da katifa, da ruwan zafi na wanka, da makewayi na tafi-da-gidanka, da kuku mai girki kala-kala, wani lokaci har da mai tausa. A hanyar Salkantay, wadda ba ta cikin ƙayyadewar mutum 500 kuma ake barin dabbobi su bi, an gina masaukai na alfarma a cikin duwatsu, ta yadda baƙo zai wuni yana tafiya ya kwana a ɗaki mai ɗumi. Abin da ake sayarwa a nan shi ne wahala daidai gwargwado: baƙo ya ji ya sha fama da dutse, amma kada ya rasa jin daɗin gidansa. A Hanyar Inka kuwa, inda babu dabba babu mota, duk wani ƙarin jin daɗi ƙarin nauyi ne, ƙarin nauyi kuma ƙarin ɗan dako ne.

3.8 Halin 'Yan Dako

Yawancin 'yan dakon manoma ne masu magana da Kechuwa daga ƙauyukan da ke saman Oyantaytambo, kamar Wilok da Patakancha, da wasu lardunan Kusko. Suna noman dankalin Turawa da kiwon lama da alfaka, dako kuma shi ne hanyarsu ta samun tsabar kuɗi. Kafin a yi doka an san su da ɗaukar kaya masu nauyin gaske, suna tafiya da takalmin taya, suna kwana cikin sanyi ba isasshen mayafi, suna cin abin da baƙi suka rage. A watan Disamba 2001 majalisar Peru ta yi dokar 'yan dako, wadda ta ƙayyade nauyin kaya zuwa kilo 20, ta tanadi mafi ƙarancin lada, ta kuma wajabta ba su abinci da kayan kariya daga sanyi. Aka kafa ma'auni a mashigar Kilomita 82. A 2022 aka yi wata sabuwar doka domin ƙara musu haƙƙoƙi.

Yin doka daban, bin ta daban. Ƙungiyar 'yan dako ta yankin Kusko ta sha kokawa cewa wasu kamfanoni suna ƙara kaya bayan an wuce ma'auni, wasu kuma ba su biyan ladan da doka ta ce. Tsarin tafiyar kansa yana nuna matsayinsu. Su ne na ƙarshe da suke barin masauki bayan sun naɗe tantuna, amma dole su wuce baƙi a hanya su kafa wasu kafin su iso. A daren ƙarshe akan tashi kowa tun wajen ƙarfe uku da rabi, saboda 'yan dako su sami damar gangarawa bakin layin dogo su kama jirgin sassafe. Ta haka baƙo zai nufi Ƙofar Rana, ɗan dako ya nufi tasha, har akan sami wanda ya yi shekaru yana wannan aiki bai taɓa shiga kufan ba. Wannan ne Bahaushe yake kira kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk da haka, adalci ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Dakon yau aikin lada ne da mutum yake nema da kansa, ba kamar mita ko aikin gandu ba. Kuɗinsa ya sa yara da yawa makaranta, wasu 'ya'yan 'yan dako sun zama 'yan jagora, wasu ma sun kafa kamfanonin kansu. Akwai kuma kamfanonin da suke kyautata wa ma'aikatansu. Amma dogaro da sana'a guda yana da haɗari. Ambaliyar watan Janairu 2010 ta lalata layin dogo, aka rufe wurin har farkon Afrilu. Annobar korona ta sa an rufe shi daga Maris zuwa Nuwamba 2020, zanga-zangar siyasa kuma ta sake rufe shi a farkon 2023. A kowane karo ɗan dako, wanda ladansa na kowace tafiya ne, shi ne yake fara rasa abin yi.

3.9 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda Hanyar Inka ta ratsa zamuna huɗu: zamanin da take hanyar sarauta da ibada, da zamanin da daji ya rufe ta, da zamanin masu bincike irin su Bingham, da kuma zamanin masu yawon buɗe ido. An ga cewa a zamanin farko harajin aiki ne ya gina ta, a na biyu an karkatar da wannan haraji zuwa ma'adinai da gandaye, a na uku mutanen ƙauye ne suka nuna wurin suka kuma share shi, a na huɗu kuwa dokar kare duwatsu da kasuwar jin daɗi sun haɗu sun ƙara bukatar 'yan dako. Abin da ya sauya a zahiri shi ne samuwar lada da doka da ƙungiya, waɗanda duk ba su daɗe ba idan aka kwatanta da shekarun hanyar. A 2014 UNESCO ta sa Kapak Nyan baki ɗaya cikin jerin wuraren gado na duniya bisa roƙon ƙasashe shida. Kariyar da duwatsun suka samu ta wannan fuska tana da masu sa ido daga ƙasashen waje, amma kariyar masu ɗaukar kaya a kansu ta dogara ne ga ma'aunin Kilomita 82 da kuma gaskiyar wanda yake tsaye a gabansa.